Tambaya da Amsa: 'Yar tsanar Japan da na saya, ta asali ce ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Katsina, unguwar Ƙofar Ƙaura. Ina sha'awar tara ƙananan 'yan tsana na jaruman anime, wato finafinan zane na Japan, irin masu gaɓoɓin da ake lanƙwasawa. Kwanan baya na yi odar ɗaya ta intanet da araha, an rubuta Nendoroid a kwalin. Da ta iso sai na ga hannu ɗaya yana faɗuwa da kansa, fuskar canji kuma, wato ƙarin fuskar da ake musanya mata, ta ƙi shiga. Abokina ya ce jabu ce. Ta yaya zan gane?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ina jin abokinka ya faɗi gaskiya, kuma arahar nan ita ta fara tona asiri. Kamfanin Good Smile Company na Japan ne yake yin Nendoroid tun 2006, kuma sabuwa a can Japan yanzu takan haura yen 5,000 na kuɗinsu. Ka ɗora kuɗin jirgi da canjin naira a kai. Duk wanda ya kawo maka ita har Katsina a ƙasa da haka, da walakin.

Amma kada ka tsaya kan farashi, don akwai masu sayar da jabu da tsada. Ɗauko kwalin. Kowace Nendoroid tana da lambarta a jikin kwalinta. Nemi lambar a shafin kamfanin, za ka ga hotunanta da duk abin da ya kamata ya zo tare da ita: fuskokin canji, yawanci biyu ko uku, hannaye, makami ko wani abin riƙewa, da abin tsayar da ita na roba garai-garai mai sanda da ke shiga bayanta. Ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ganin an rubuta ƙirar China bai isa hujja ba, domin mafi yawan na asalin ma a China ake ƙera su.

Ni inda na fi dogara shi ne fuska. Fita da ita tsakar gida da safe ka dube ta da kyau. Fatar ta asali ba ta ƙyalli, launinta a kwance yake. Ta jabu sai ka ga tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Idanun ta asali a daidaice suke, layinsu siriri, babu inda fenti ya zarce. A jabu ido ɗaya yakan ɗan haura ɗaya, ko fentin gashi ya ɓata goshi. Duba kuma inda gashin gaba ya haɗu da na baya: in akwai giɓin da farce zai shiga, aikin gaggawa ne. Sannan ka shinshina. Jabu da yawa suna fitowa daga leda da warin sinadari mai hawa kai. Gaɓar wuya ma tana magana, domin a jabu launinta yakan saɓa da na fata, ga ta ko dai a sake ko a ƙage.

Tunda ka riga ka saya, ba sai ka jefar ba. Fuskar da ta ƙi shiga, tsoma ta cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, robar za ta yi laushi, sai ka tura a hankali. Hannun da ke faɗuwa kuwa, shafa ɗan farin gam na kafintoci a kan ƙusar robar, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar. Kaurin da ya ƙaru zai riƙe shi. Kada ka kusanci sufa gulu, zai kashe gaɓar har abada.

Abin da ya fi damuna da masu tarawa a nan shi ne yanayinmu. Da robar PVC da ABS ake yin su, kuma PVC ba ya shiri da zafi. A watan Afrilu zafin Katsina yakan kai digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi haka. Sai ka ga ƙafa ta fara karkacewa, ko jikin ya yi danƙo idan an daɗe da rufe ta a kwali. In ta yi danƙo, wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, ta bushe a inuwa. Nesanta ta da taga, rana tana kashe launi. Lokacin hunturu kabad mai gilashi ne maganin ƙura, sai buroshin kwalliya mai laushi na share ta. Ƙananan hannayen nan ka zuba su a leda mai zif ka ɓoye, ƙannenka na iya kai su baki.

Idan tsayar da su cikin salon faɗa ne ya fi burge ka, Nendoroid ba ita ce ta fi ba. Tsawonta kimanin santimita 10 ne, kai ƙato, jiki ɗan mitsitsi, motsinta kaɗan. Nemi 'yar tsana samfurin figma ta kamfanin Max Factory ko S.H.Figuarts ta kamfanin Bandai, dukansu sun fito a 2008, masu gwiwa da gwiwar hannu da ke lanƙwasuwa sosai. Shawarata, ka haƙura ka tara kuɗin ta asali guda, ko da ta hannu ce, muddin mai sayarwa ya turo maka hoton kayanta a baje.

Tambaya: Yaya, daga Daura nake rubutowa. Ina da irin waɗannan 'yan tsana guda biyu, amma Inna ta ce gumaka ne, in fitar da su daga gidan. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, Inna ba ta yi magana a banza ba. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, sai dai malamai da yawa sun taƙaita rangwamen ga wasan yara, kuma sun tsananta kan ajiye siffar mai rai don ado. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Ki sami malamin da Inna ta yarda da shi ku tambaye shi tare. Kafin nan ki sauke su daga kan kanta, kada ki ja da ita a cikin gidanta.