Tambaya da Amsa: Na karanta Fiziks, zan iya zama injiniyan manhaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi digiri a fannin Fiziks, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Raina ya kwanta da aikin ƙera manhajar kwamfuta, amma wasu sun ce mini sai na koma jami'a na sake digiri a kimiyyar kwamfuta tun daga aji ɗaya. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sai ka sake digiri ba, kuma ba zan so ka ƙara wasu shekaru huɗu a kan abin da ke da hanya mafi kusa ba. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, Fiziks ya karanta a Jami'ar Oxford. Haka ma Dennis Ritchie, wanda ya samar da harshen kwamfuta na C a farkon shekarun 1970, Fiziks da lissafi ya yi a Harvard. Duk wanda ya saba rarraba matsala kashi-kashi, ya yi gwaji, ya bi sawun kuskure har ya gano tushensa, to ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa a wannan sana'a.

Sai dai akwai abin da digirinka bai ba ka ba. Ɗaliban kimiyya sukan rubuta wa kwamfuta ɗan umarni don warware lissafi guda, da zarar amsa ta fito su ajiye shi. Shi kuwa injiniya yana rubuta abin da wasu za su karanta, su gyara, su dogara da shi shekara da shekaru. Saboda haka kana buƙatar sanin yadda ake tsara bayanai, da sarrafa rumbun bayanai ta harshen SQL, da adana tarihin aiki ta manhajar Git, da kuma rubuta gwaje-gwajen da za su tabbatar cewa gyaran yau bai ɓata aikin jiya ba.

Ka zaɓi harshen kwamfuta ɗaya ka tsaya a kansa. Ni Python nake fifita wa mai ilimin kimiyya, domin rubutunsa na da sauƙin karantawa, kuma da shi masu bincike da yawa suke nazarin alƙaluma. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, na masu fara koyon kimiyyar kwamfuta, kyauta ne a intanet, kuma zai ba ka tushe mai ƙwari. Amma kallon bidiyo kaɗai ba ya koyar da sana'a, kamar yadda yaron tela ba ya iya ɗinki sai ya hau keke da ƙafarsa.

Aikin gwajinka na farko yana nan a makarantarku. Duk ƙarshen zango malamai suna fama da tara maki da fitar da sakamako da hannu. Ka ƙera manhajar da za ta karɓi makin gwaji da na jarrabawa, ta tara, ta fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe, ta buga takardar kowane ɗalibi. A nan za ka gamu da ainihin aikin: me za ta yi idan ɗalibai biyu sun yi kunnen doki, ko wani bai zauna jarrabawa ba, ko malami ya shigar da 150 inda iyaka 100 ne? Ka ba abokan aikinka su gwada, ka gyara abin da suka koka da shi, sannan ka ɗora aikin a GitHub, shafin intanet da masu ƙera manhaja ke ajiye ayyukansu don wasu su gani. A ganina, manhaja ɗaya da mutane ke amfani da ita ta fi tarin takardun shaidar kwas nauyi a wurin mai ɗaukar ma'aikata.

Game da takarda kuwa, idan burinka aikin gwamnati ne ko koyarwa a jami'a, difilomar gaba da digiri a kimiyyar kwamfuta za ta buɗe maka ƙofar digiri na biyu. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa fasahar zamani, ka riƙa bibiyar sanarwarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, samun aikin farko ya ƙara wuya tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambayoyi, a ƙarshen 2022, domin ƙirƙirarriyar basira tana iya rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sababbin shiga. Ka nemi ta yi maka bayani, amma kada ka saka a manhajarka layin umarnin da ba za ka iya kare shi a gaban masu tantancewa ba. Kada kuma ka ajiye koyarwa tukuna. Albashin nan shi zai saya maka data da cajin kwamfuta. Duk wanda ya nemi kuɗi masu yawa da alkawarin aikin dala cikin wata uku, ka ce ya haɗa ka da ɗalibansa na baya kafin ka biya ko kwabo.