Me Ya Sa Jamusawa Suka Rushe Fadar Jamhuriya a Berlin?

Tambaya: Malam, na ji an ce bayan haɗewar Jamus an rushe wani katafaren gini da gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas ta bari a tsakiyar Berlin, wai don yana da guba. Guba ce ta ci shi, ko siyasa?

Amsa: Duka biyun, amma ni dai siyasa na fi ɗora wa alhaki. Ginin da kake nufi shi ne Palast der Republik, wato Fadar Jamhuriya, wadda aka buɗe a 1976. A filin tsohuwar fadar sarakunan Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, aka gina ta, fadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata, gwamnatin gurguzu kuma ta ƙarasa tarwatsa ta a 1950.

Abin da ya sa rigimar ta yi zafi shi ne fuska biyu da ginin yake da su. A ciki majalisar dokokin ƙasar ke zama, majalisar 'yan amshin shata. Amma a ciki dai akwai gidajen cin abinci, dandalin wasan kwaikwayo, wurin rawa, har da filin wasan bowling, kowa yana shiga. Saboda yawan fitilunsa mutanen gari suka yi masa laƙabi da "shagon fitilun Erich", suna zolayar shugaba Erich Honecker. Wanda ya sha azabar 'yan sandan ciki na Stasi, mulkin danniya yake gani a gilasan ginin masu ruwan tagulla. Wanda ya fara zance da matarsa a can, ƙuruciyarsa yake gani. A zauren majalisar da ke ginin kuma, ranar 23 ga Agusta 1990, majalisar farko da aka zaɓa cikin 'yanci ta amince da haɗewa da Jamus ta Yamma.

Maganar guba gaskiya ce. An fesa wa ƙarafunan ginin asbestos, wani ma'adini da ba ya cin wuta, don kariya daga gobara, ƙurarsa kuwa tana jawo kansar huhu, shi ya sa aka rufe shi a Satumba 1990. Sai dai zuwa 2003 an gama kwashe gubar, ƙwarangwal ɗin ginin yana tsaye lafiya, har masu fasaha suka riƙa baje koli a ciki. Kuma cibiyar taro ta ICC da ke ɓangaren tsohuwar Berlin ta Yamma ita ma tana da asbestos, ga ta nan ba wanda ya rushe ta. 'Yan Gabas da yawa wannan ne ya tsaya musu a rai.

Majalisar tarayyar Jamus ta riga ta zaɓi a maido da fuskar tsohuwar fadar sarakuna a filin tun 2002. Aka yi rusau daga 2006 zuwa 2008.

Yau Humboldt Forum ne a wurin, gidan kayan tarihi mai fuskar tsohuwar fadar, kuma bai tsira daga tasa rigimar ba, domin a ciki ake nuna kayan tarihin da aka kwaso lokacin mulkin mallaka, ciki har da tagullar Masarautar Benin, wadda Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakarta a 2022.