Hukuncin Matar da Mijinta ke Azabtar da Kyanwa Don Ya Hana Ta Fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya. Mijina yana dukana, kuma duk ranar da na ce zan tafi sai ya shuri kyanwar da yarana suka shaƙu da ita, ya rantse zai kashe ta idan na fita. Na samu gidan haya, amma an ce mai gidan ba ya son dabba. In bar kyanwar ne, ko in shiga da ita a ɓoye? Kuma ya halatta in goyi bayan ƙungiyoyin da ke neman a gyara dokoki saboda dabbobi, alhali yawancin 'ya'yansu ba Musulmi ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya kawo miki mafita.

Abin da mijinki yake yi wa wannan dabba laifi biyu ne a haɗe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Idan tsarewa kawai ta kai ga haka, ina ga shuri da barazanar kisa? Laifi na biyu ya fi girma, domin da ke yake yi: yana dukan kyanwar a gaban yara ne don ku ga abin da zai iya yi muku. Allah Ya hana riƙe mata domin cutarwa a Suratul Baƙara aya ta 231, kuma malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun bai wa mace haƙƙin neman saki saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa ta maimaitu ba. Masu cewa "ai kyanwa ce kawai, ki yi haƙuri" ba su fahimci mas'alar ba.

Saboda haka fitarki domin tsira ba bijirewa ba ce. Ranki da na yaranki suna gaba da na dabbar, kuma bai halatta ki ci gaba da zama cikin hatsari saboda ita ba. Idan abin ya zo da gaggawa, ki kira lambar agajin gaggawa ta 000 ki fita. In har ba ki iya ɗaukar kyanwar a lokacin ba, babu zunubi a kanki, zunubin yana kan wanda ya cutar da ita. Amma in akwai sarari, ya wajaba ki nema mata wurin da za a ciyar da ita, ko a hannun wata amintacciya ko a wurin masu kula da dabbobi. Ki kuma ambaci barazanar a kotun majistare idan kin je neman umarnin kariya, domin dokar jihar Victoria (inda Melbourne take) ta 2008 kan cin zarafi a cikin iyali ta lissafa kashe dabba ko raunata ta, ko barazanar yin haka don a mallake wani, cikin nau'o'in cin zarafi.

Shiga da ita a ɓoye kuwa bai halatta ba. Allah Ya yi umarni da cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida, kuma sa hannu a takardar haya alƙawari ne. Ba ki ma da buƙatar ɓoyewa: tun watan Maris na 2020, ɗan haya a Victoria yana rubuta wa mai gida takardar neman izinin ajiye dabba, kuma idan mai gidan yana son ƙi, dole ya kai maganar gaban kotun sauraron ƙorafe-ƙorafe ta VCAT cikin kwana 14, in ba haka ba a ɗauka ya amince. Ki bi wannan hanya. Duk abin da kyanwar ta ɓata, ko labule ko darduma, ke za ki biya. Kada kuma ki damu da batun tsarki, domin hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa kyanwa ba najasa ba ce.

Goyon bayan waɗannan ƙungiyoyi ya halatta, kuma yana cikin taimakekeniya a kan aikin alheri matuƙar abin da ake nema shi ne hana zalunci da samar wa mata masu gudun duka matsugunin da zai karɓe su da dabbobinsu. Addinin masu kiran ba ya hana a amsa musu a kan gaskiya. Sai dai idan ƙungiya ta wuce nan ta fara neman a haramta yanka ko layya, ki tsaya a inda kuka dace, ki bar musu sauran.

Wallahu a'alam.