Amsa: Mace ta farko a majalisar Sudan

Yaya Hajiya, kin tambaya wace mace ce ta fara shiga majalisar ƙasar nan. Fatima Ahmed Ibrahim ce, a zaɓen 1965. Tun 1952 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matan Sudan, tana faɗa da auren dole da aurar da ƙananan yara. Albashi daidai da na maza da hutun haihuwa, duk da guminta a ciki.

Ta sha wuya kam: Nimeiri, shugaban ƙasa na lokacin, ya rataye mijinta a 1971. Kakata a Mai Wurno takan taɓe baki ta ce, "ai 'yar gurguzu ce", amma jikokinta mata duk sun yi boko. Fatima ta rasu a Landan, 2017.