Tambayi Likita: Aikin gida yana shiga lissafin motsa jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na je asibiti awon hawan jini, sai aka miƙo mini takarda mai tambayoyi: kwana nawa a mako nake aikin da ke sa ni haki, minti nawa nake tafiya a ƙasa, awa nawa nake zaune. Ni ban taɓa fita atisaye ba, sai na rubuta "babu" a ko'ina. Ma'aikaciyar ta ce in sake tunani. Me take nufi? Daga wata uwar gida a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiyarta. Irin wannan takarda ba 'yan gudun safe na Dandalin Murtala kaɗai take nema ba. Biyu ne suka fi yawo a duniya: IPAQ, wadda gajeriyarta ke da tambaya 7 a kan kwana bakwai da suka wuce, da GPAQ ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya 16. Masu bincike a Jami'ar Maiduguri ma sun fassara gajeriyar IPAQ zuwa Hausa tun 2011. Takardun nan dukkansu suna ƙirga aiki da zirga-zirga.

To ke da kike jan ruwa a rijiya, ki ɗauki jarka, ki tsuguna ki wanke tulin kayan makarantar yara da hannu, sannan ki taka zuwa bakin titi neman Keke Napep, ina "babu" ta fito? Ma'aunin mai sauƙi ne. In numfashinki ya ɗan hau amma kina iya hira, matsakaici ne. In magana tana yankewa saboda haki, kamar lokacin daka, mai tsanani ne. Hukumar tana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani.

Amma fa, ni a ɗakin duba marasa lafiya akasin matsalarki na fi gani. Alhaji zai ce mini yana tafiyar awa guda kullum, in muka bi diddigi, daga shago ne zuwa masallaci, ga kuma tsayuwar gaisawa a hanya. Ba ƙarya yake ba, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa gajiya da motsi. Shi ya sa in aka ɗaura wa mutane na'urar auna motsi a ƙugu, sau da yawa abin da take nunawa bai kai abin da suka faɗa ba. Tsayuwa gaban tukunya tana gajiyarwa, amma ba ta shiga wannan lissafi.

Kafin ranar komawarki, ki samu ɗan littafi. Kowane dare ki rubuta aikin da ya sa ki haki da mintinsa, ki duba agogon waya, ban da kintace. Ki rubuta awannin zama ma, har da na kallo bayan isha'i, don tambayar ƙarshe a takardar ke nan, kuma a kanta mutane suka fi rage adadi.