Tambayi Malamin Gona: Gonar Gado Ta Yi Mana Kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Daga wani ƙauye a ƙasar Bichi nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar gona eka 6, mata 2, da mu 'ya'yansa 14, maza 9 mata 5. Da aka yi lissafin gado, ko rabin eka kowane namiji bai samu ba. Ni ina da 'ya'ya 5, ga mai ɗakina da juna biyu. Ƙanena da ya yi boko ya ce yawanmu ne ya jawo, a rage haihuwa. Yayanmu ya ce zancen Turawa ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Yanzu ko gaisuwar kirki ba sa yi. Wa ke da gaskiya, kuma yaya za mu yi da gonar?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ita kuma mai ɗakinka Allah ya raba lafiya.

A kan lissafi dai ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da ɗoriya. A 1991 an samu kusan miliyan 89, a 2006 miliyan 140, yau kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙiyasta mun haura miliyan 220. Jihar Kano, bayan an cire mata Jigawa a 1991, tana da mutum miliyan 5.8, shekara 15 kacal bayan haka ta kai miliyan 9.4. Mutum na haihuwa, ƙasa ba ta haihuwa.

Kai ma shaida ne ko ba a karanta maka alƙaluma ba. Yaushe rabonka da ganin saura, gonar da aka bari ta huta shekara uku ko huɗu? Burtalin da a da garke ke wucewa a sake, yau na dama ya ci taku biyu, na hagu ya ci taku biyu, har saniya ba ta iya bi sai ta taɓa shuka. Daga nan sai sanda, sai gaban mai gari. Rijiyar da kakanku ya haƙa gaba shida ta ƙafe, kowa na neman ta burtsatse. Abin da ya fi damuna shi ne murhu. Itace ya yi nisa, gawayi ya yi tsada, sai mata suka koma ƙona kara da busasshen kashin shanu, wato ainihin abin da ya kamata ya koma cikin gona ya zama taki. Da rani ana dafa tuwo da abincin ƙasar, da damina a ce ta ƙi bayarwa.

Amma kada ƙanen naka ya yi saurin buga ƙirji. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960. A lokacin ma cunkoson jama'a a nan ya yi suna, kuma masana da dama na ganin ƙasar za ta mutu. Shi kuwa ya tarar ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba, saboda hannaye sun yi yawa a kanta. Jakuna na kai itace da amfanin gona birni, su dawo da mangala cike da takin bola. Ana ɗaure awaki da tumaki a gida a tara kashinsu. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, harawar ta zama abincin dabbobi. Ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa kowace da mai ita, ba mai sa mata gatari.

Ka leƙa Nijar ma, inda haihuwa ta fi tamu yawa, ruwan sama kuma bai kai namu ba. Bayan farin shekarun 1970, ƙasar Maraɗi ta kusa komawa fako. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa duk shekara wajen sassabe suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tsiron da ya fi ƙarfi suna rage sauran, abin da suke kira sassabin zamani. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, an ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, a daidai shekarun da jama'ar yankin ke ninkuwa. Da yawansu gawo ne, mai zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya bar masa taki.

Don haka yayanka ya yi gaskiya cewa arziki na Allah ne. Inda ya kauce shi ne ɗaukar maganar kamar ta sauke masa nauyin dabara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Tazarar haihuwa kuwa ba Bature ya kawo mana ita ba. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, iyayenmu mata kuma sun san kunyar kwanika, shi ya sa ake goyon ciki da wankan gida. Ni dai ba zan ƙayyade maka yawan 'ya'ya ba, ba hurumina ba ne. Amma in mai ɗakinka ta sauka, ku je asibiti tare ku ji bayani, don lafiyarta da ta jaririn tukuna, kafin ma a zo batun gona. Kowane ɗa kuma ka tambayi kanka da me zai ci abinci, tunda rabin eka ɗin nan in aka sake raba ta shida, sai dai a gina ɗaki.

Batun gonar, shawarata kada ku yanka ta. Ku samu malami ko alƙali ya rubuta kason kowa a takarda da shaidu, har da na iyayenku mata da 'yan'uwanku mata, domin nasu ne aka fi haɗiyewa da sunan "ai suna gidan miji". Daga nan ku bar ta a dunƙule kamar gandu. Iyakoki 16 a cikin eka 6 asarar fili ce, garmar shanu ma ba ta da wurin juyawa, kuma ƙaramin yanki shi ne farkon abin da ake jinginarwa ranar suna ko rashin lafiya. Mutum uku ko huɗu su noma, a fitar da kuɗin iri da taki da ladan wahalarsu, a raba ragowar damman gwargwadon gado. Sauran su kama sana'a da gaske, yara kuma a bar su su gama makaranta.

Bana in kun zo sharar gona, ku duba kututturan gawo da kalgo da sabara. A kowane ku bar tsiro biyu ko uku miƙaƙƙu, ku datse na gefe da wuƙa mai kaifi, ku ɗaura tsumma don yara da makiyaya su san da mai shi. Rigimar yayanka da ƙanenka kuma ku kai ta gaban baffanku kafin ruwan shuka ya sauka, don da bakinsu za a sa hannu a takardar nan.