Ina da Ciki, Ɗana Bai Kai Yaye Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari watansa 15, yana shan nono. Makon jiya na je asibiti aka ce ina da cikin wata 2. Da surukata ta ji, ta ce nonona ya lalace, in ya ci gaba da sha zai kashe shi, don haka Juma'ar nan za ta tafi da shi ƙauye ta yaye shi. Sai ga shi ya fara gudawa shekaranjiya, ta ce ga alama nan tun ba a je ko'ina ba. Yaron nan ba ya cin komai sai koko. Maigidana ya yi shiru, ni kuma kunya ta hana ni magana. Anti, da gaske ne ni nake cutar da shi? Daga wata 'yar uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya raya mana wanda ke hannu. Ki share hawayenki, nononki bai lalace ba, kuma ba ke kika sa masa gudawa ba. Na san yadda mata ke yi wa mai kwanika gori, har ta riƙa ɓoye cikin kamar ta yi sata. Ki ajiye wannan kunyar gefe, domin maganar da ke gabanmu ta lafiyar yaro ce.

Ciki ba ya zuba guba a nono. Abin da yake yi shi ne, idan ya kai wajen wata 4 ko 5 ruwan nonon yana raguwa, ɗanɗanonsa ya ɗan yi gishiri-gishiri, kan nonon kuma ya riƙa yi miki zafi. Yara da yawa a nan suke sakin nonon da kansu ba tare da an shafa maɗaci ba. Kuma ba likitoci kaɗai suka faɗi haka ba. A cikin Sahihu Muslim da Muwaɗɗa akwai hadisin Judama 'yar Wahbu, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya duba Rumawa da Farisawa ya ga suna yi kuma ba ta cutar da 'ya'yansu. Wasu malamai sun ce gila kusantar mace ce tana goyo, wasu sun ce shayarwa ce da ciki. Alƙur'ani kuma a Baƙara aya ta 233 ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. Ɗanki saura masa wata 9.

Gudawar kuwa ta shekarunsa ce. Yaron da ya fara tafiya duk abin da ya tsinta a tsakar gida baki yake kai wa, ya sha ruwan da ya samu a buta. Yau ɗin nan ki samo ORS, gishirin nan na leda da ake narkawa a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane kashi. Ki haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10, ko da gudawar ta tsaya. Nono kuwa ki ƙara masa, domin yaro mai gudawa yakan ƙi komai ya karɓi nono. Idan kika ga jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa shan komai, ko jikinsa ya saki, asibiti za ku nufa ko da tsakar dare ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne tafiyar Juma'a. Na yi shekaru a ɗakin awon yara, kuma na san yadda irin wannan yayen yake ƙarewa. A rana ɗaya yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya saba. Ya yi kuka kwana biyu ko uku, sai ya yi shiru, a ce ya haƙura. Bayan wasu makonni kaka ta goyo shi ta kawo mana, tana murna wai ya yi kumatu. Sai in ɗora babban yatsana a bayan ƙafarsa in danna, in ƙirga uku, in ɗaga, ramin yatsan yana nan bai cike ba. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, yana zaune shiru, ko wasa aka yi masa sai ya kau da kai. Wannan kumburi ne na tamowa, wanda ake kira kwashoko. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta fara bayaninsa a rubuce a 1933, tana aiki a Akara ta ƙasar Gana ta yau, kuma yaran da ta gani su ne waɗanda aka cire daga nono aka bar su da kunun masara zalla. Ki maye gurbin masara da gero, kin ga kokon ɗanki.

A shekara ta biyu, nonon uwa yana iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake buƙata a yini. Yaron da ba ya cin tuwo, yana cikin gudawa, a ɗauke masa wannan kason dare ɗaya, me aka bar masa? Don haka kafin a yi zancen yaye, sai ya iya cin abinci tukuna.

Cikin yaro ɗan mitsitsi ne, bai wuce ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba. Idan kika cika shi da koko tsararo, ya ƙoshi da ruwa ke nan. Ki dama kunun da kauri yadda zai tsaya a cokali. Akwai haɗin da ake koya wa mata a asibitoci: awo 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. In babu hali, ki daka ƙuli-ƙuli ki barbaɗa, ki zuba cokalin manja ko man gyaɗa. Ƙwai dafaffe, alale, awara, wake da aka dafa ya yi luguf, miyar zogale da garin busasshen kifi, ɗan yankin hanta ranar da aka yi cefanen nama, gwanda ko ayaba tsakanin abinci. Sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi. Zai tofar, zai watsar, ki sake kawowa gobe; ban da ɗure, ban da tsawa. Ki fara ba shi abinci kafin nono. Idan ya kama ci, sai ki janye nonon rana da farko, bayan mako ɗaya ko biyu ki janye wani, na dare ya zama na ƙarshe.

Akwai inda ni ma zan ce ki yaye: idan kina ganin jini, ko mara tana murɗa miki, ko an ce tagwaye ne, ko ke kanki kina ramewa. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo cewa kina shayarwa, ki sha maganin ƙarin jininki, ki ci abinci sosai. Ko an yanke shawarar yayen, a yi shi yaron yana gabanki. Ki kuma roƙi ma'aikatan awo su auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yana buƙatar magani nan take, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, shi ma ba a sakaci da shi.

Ita kuma Hajiya, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Jikanta take tsoron rasawa, kuma abin da ta gada take faɗa. Ba ke za ki ja da ita ba, aikin ɗanta ne. Ki ba maigidan wannan shafin ya karanta, shi ya same ta cikin ladabi ya ce a jinkirta har yaron ya warke ya fara cin abinci. Ya roƙe ta ta zo ta yi muku kwana biyu ta taya ki koya masa ci, ku tafi awo tare ta ji da kunnenta. Malam, da kai nake: shirun nan naka ba ya taimakon kowa, ka yi magana kafin Juma'a.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Mun yaye 'yarmu mai shekara 2, yau kwana 5 ba ma barci saboda kuka. Wani abokina ya ce in ba ta Piriton. Daga wani uba a Katsina.

Amsa: Malam, kada ka ba ta. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, barcin da yake sa wa illa ce daga cikin illolinsa. Wasu yaran ma firgita su yake yi su ƙara rikicewa, in kuma ya yi yawa yana iya kai su ga jijjiga. Ka fara taɓa jikinta: in da zazzaɓi a yi mata gwajin maleriya, in tana jan kunne a duba kunnen. Idan lafiyarta ƙalau, kewar nono ce, kuma yawanci takan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. A ba ta abinci mai riƙe ciki bayan magariba, a ajiye kofin ruwa kusa. Idan ta farka, kai ka ɗauke ta, domin a jikin uwarta ƙanshin nono take ji kukan ya ƙaru. Ka saɓa ta a kafaɗa ka yi ta zagaya ɗaki kana jijjiga ta har ta yi barci, uwar kuma ta koma ɗaya ɗakin ta samu ta runtsa.